Ku Tambayi Malam: Shafin Ƙiyasin Maki Ya Ce 3, Wani Ya Ce 4

Wasiƙun wannan wata duk daga Amurka suka fito, kuma duk a kan jarrabawa ɗaya, wato AP Saikoloji, ilimin halayyar ɗan Adam da ake koya wa 'yan sakandare a matakin shekarar farko ta jami'a. Shekara tara ke nan ina koyar da shi a wata makarantar gwamnati a jihar Maryland, don haka na ware shafin gaba ɗaya dominsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Kumasi ce, shekararmu 14 a Bronx, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. 'Yata ta fari tana aji 11, za ta rubuta AP Saikoloji a watan Mayu. Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar tana kuka. Wai ta zuba makin gwajin da ta yi a wani shafin intanet ya ce 3 za ta samu, ta je wani shafin ya ce 4. A tambayoyin canki-canka ta ci 52 cikin 75, a na rubutu kuma ta ba kanta 8 cikin 14. Ni WAEC na sani, daga A1 zuwa F9, ban san kan 3 da 4 ba. Shin 3 faɗuwa ce? Wane shafi ne mai gaskiya? Yarinyar nan tana kaiwa ƙarfe biyu na dare tana karatu, littafin duk ta shafe shi da alƙalamin kala. Saura mako shida. Aikin jinya take son karantawa. Me zan ce mata? Daga uwar ɗaliba, Bronx, New York.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya ta, ya saka miki da alheri da kika lura da hawayenta duk da gajiyar aiki. Abin da za ki fara gaya mata yau da daddare shi ne 3 ba faɗuwa ba ce. Hukumar College Board, mai shirya jarrabawar, tana ba da sakamako daga 1 zuwa 5, kuma a wurinta wanda ya ci 3 ya cancanci a ɗauke masa wannan darasi a jami'a. Na 4 ya cancanta sosai, na 5 ya kai ƙololuwa. Idan kina son ki auna da abin da kika sani, ki ɗauki 3 kamar kiredit a WAEC, amma fa ki tuna darasin jami'a ne yarinya 'yar aji 11 ta ci.

Yanzu ga yadda lissafin yake, don ki gani da idonki babu wani asiri a cikin shafukan nan. Jarrabawar kashi biyu ce. Na farko tambayoyin canki-canka 75 a cikin minti 90, kuma su ne kashi biyu cikin uku na makin. Na biyu tambayoyin rubutu guda biyu a cikin minti 70, kowace maki 7, su ne ragowar kashi ɗaya cikin uku. Ki raba 52 da 75 ki ninka da 66.7, za ki samu 46 da ɗoriya. Ki raba 8 da 14 ki ninka da 33.3, za ki samu 19. Jimla 65 cikin 100. Wannan lissafin duk shafin da ta shiga shi zai yi, kuma kalkuletar wayarki ma ta isa.

Inda suka rabu shi ne wurin yanka. Hukumar ba ta sanar da cewa daga maki kaza ne 4 ke farawa a bana ba, kuma iyakar tana ɗan motsawa daga shekara zuwa shekara gwargwadon tsaurin tambayoyin. Masu shafukan nan ƙiyasi suke yi da abin da aka gani a baya. A tsohon tsarin jarrabawar, wanda aka daina bayan 2024, 5 kan fara daga wajen kashi 75 cikin ɗari, 4 daga wajen kashi 62, 3 kuwa daga ɗan sama da rabi. Wanda ya ɗora 65 ɗin 'yarki a kan wannan ma'auni zai ce 4. Wanda ya ɗaga sandar da maki uku ko huɗu don taka-tsantsan zai ce 3. Babu wanda ya yi mata ƙarya a cikinsu, kuma babu wanda ya san abin da zai fito a watan Yuli, lokacin da ake sakin sakamako. Abin da su biyun suka haɗu suka faɗa shi ne tana tsaye a bakin iyakar 3 da 4. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma kimar da nake gani a nan mai kyau ce ga wadda ke da sauran mako shida.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki wani ne daban, kuma shi nake so ki tambaye ta cikin lallashi. Ta yaya aka samu 52 ɗin nan? A zama ɗaya ne, agogo na tafiya, littafi a rufe, waya a wani ɗaki? Ko kuwa tana yi tana tashi, idan ta maƙale ta leƙa shafin littafi? Minti 90 ga tambaya 75 daƙiƙa 72 ke nan ga kowace tambaya, kuma tambayoyin yanzu da yawansu gajeren labari ne ko jadawalin alƙaluma da sai an karanta kafin a zaɓa. Ɗalibin da ya ci 52 a cikin awa uku da shayi a gefe ba lalle ya ci 45 a zauren jarrabawa ba. Shafin ƙiyasi ba ya tambayar wannan. Abin da aka zuba masa shi yake auna wa mutum.

Sai kuma 8 ɗin da ta ba kanta. A nan ne ƙiyasin yara ya fi karkacewa, kuma ba don rashin gaskiya ba. Mai rubutu ya san abin da yake nufi, sai ya karanta nufinsa a inda bai rubuta shi ba. Bara wata ɗalibata, mai ƙoƙari ƙwarai, ta kawo mini amsoshinta ta ce ta ba kanta 12. Na zauna da takardar ƙa'idojin maki na bi layi-layi, 6 na samu. Ta san darasin. Matsalarta tana fassara kalma daidai yadda littafi ya ce, amma ba ta ɗaure ta da binciken da aka ba ta. Masu duba amsoshin nan, malaman sakandare da na jami'a da ake tarawa a watan Yuni, ba sa ba da maki don kyawun Turanci ko tsawon bayani. Kowane maki yana da abin da ake nema, in ya bayyana a bayar, in babu a wuce.

Ki duba nauyin abin. Maki ɗaya na rubutu ya kai kusan 2.4 cikin ɗari, tambayar canki-canka ɗaya kuwa ba ta cika 0.9 ba. Wato maki ɗaya a rubutu ya kusa tambaya uku a wancan ɓangaren. Idan ainihin makin 'yarki 6 ne ba 8 ba, jimlarta ta sauko 60 da rabi. Idan ta ɗaga shi zuwa 11, ta haura 72 ba tare da ta ƙara ko tambaya ɗaya a kan 52 ɗinta ba. Kafin ta samu wannan ƙarin ta hanyar canki-canka sai ta ci ƙarin tambaya takwas. Saboda haka ni a wurina ribarta tana cikin tambayoyin rubutun nan biyu, kuma alhamdu lillahi tsarinsu ba ya canzawa, ana iya koyonsa kamar yadda ake koyon ɗaurin kallabi.

Ta farko ana kiranta AAQ, wato tambayar nazarin rahoton bincike. Za a ba ta taƙaitaccen rahoton bincike guda ɗaya, a yi mata tambayoyi shida a kansa, kuma minti 25 ake so ta kashe. Wace hanya aka bi wajen binciken? Yaya aka auna abin da ake bincika? Me wannan alƙalamin ke nufi? Wace ƙa'idar kare haƙƙin mahalarta aka kiyaye? Za a iya ɗora sakamakon a kan sauran jama'a? Ya goyi bayan ra'ayi kaza ko ya rushe shi? Ta ƙarshen ce mai maki biyu.

Bari in ƙaga misali. A ce an ɗauki ɗaliban wata jami'a 60, aka yi ƙuri'a aka raba su gida biyu, rabi suka yi barcin awa takwas, rabi awa huɗu, washegari aka ga kalmomi nawa kowa ya tuna cikin 20. Idan aka tambayi yadda aka auna tunawa, yarinya ta rubuta cewa tunawa ita ce iya riƙe abu a ƙwaƙwalwa, ta faɗi gaskiya amma babu maki. Abin da ake nema shi ne adadin kalmomin da mutum ya tuna cikin 20, abin da wani zai iya ƙirgawa ya maimaita. Idan aka tambayi hanyar binciken, amsar gwaji ce, domin masu binciken ne da kansu suka sarrafa tsawon barcin kuma ƙuri'a ce ta raba mutanen. Da tambayar mutane kawai aka yi awa nawa suke barci aka gwama da makinsu, da dangantaka kawai aka gano, ba za a ce wannan ne ya jawo wancan ba. Idan kuma aka tambayi ko sakamakon ya shafi kowa, kada ta tsaya a kan cewa mutum 60 sun yi kaɗan. Ta nuna su wane ne: duk 'yan jami'a ne matasa, don haka ba za a ɗora abin a kan tsofaffin da mahaifiyarta ke kula da su ba. Yara da yawa suna gwamutsa ƙuri'ar rabo da ƙuri'ar zaɓe. Ta rabo, wadda ke raba mahalarta rukuni-rukuni, ita ke ba da damar a ce kaza ne sanadi. Ta zaɓe, wadda ke tsamo mahalarta daga cikin jama'a tun farko, ita ke ba da damar a ce sakamakon ya shafi jama'ar. Da wuya shekara ta wuce wannan bambanci bai ci wa ɗalibai maki ba.

Ta biyu EBQ, wato tambayar kafa hujja, minti 45. Rahotanni uku za a ba ta a kan batu ɗaya. Ta ɗauki matsaya a fili cikin jimla ɗaya, maki ɗaya ke nan. Ta kawo hujja daga rahoto ɗaya ta faɗi wanne ne, ta bayyana yadda hujjar ta tallafi matsayarta da wata ƙa'ida da ta koya a darasin. Sannan ta sake yin haka da wani rahoton daban da wata ƙa'idar daban. Makin da ya fi kuɓucewa shi ne na shigo da ƙa'idar darasi, domin yaro kan sake faɗin abin da rahoton ya ce da wasu kalmomi ya zaci ya yi bayani. A shafin AP Central hukumar ta ajiye tambayoyin da aka yi a baya kyauta, da ƙa'idojin maki, da amsoshin ɗalibai na gaske tare da dalilin makin kowace. Ta amsa ɗaya da agogo, ta kai wa malaminsu ya duba. In bai samu lokaci ba, su yi musanya da ƙawarta, kowa ya duba ta ɗan uwansa ba tare da sassauci ba.

Zancen alƙalamin kala da ƙarfe biyu na dare kuwa, Hajiya, shi ya fi taɓa ni, domin maganinsa yana cikin littafin da take shafawa. A babin tunani da tunawa akwai Hermann Ebbinghaus, Bajamushen da ya wallafa bincikensa a 1885 bayan ya daɗe yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage masa. Ya gano mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan karatu, daga nan ta lafa, kuma maimaicin da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta sau ɗaya aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna, har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda labari ya juya: masu gwada kansu sun riƙe kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Abin da na fi nanata wa ɗalibaina shi ne waɗanda suka yi ta karantawar su suka fi tabbacin cewa za su tuna. Ido ya saba da shafin, sai zuciya ta ɗauki sabo a matsayin sani.

Mu da muka zauna gaban alaramma ba baƙin wannan ba ne, kuma na tabbata haka ake yi a makarantun allo na zangon Kumasi. Ba a cewa yaro ya iya don ya bi allo da yatsa. Sai ya kifa allon ya biya da ka, sannan a ce ya wanke. Mahaddaci kuma ba ya barin tilawar baya don ya ɗauki sabon karatu, kullum yana zagayowa. To haka za ta yi wa saikoloji. Ta karanta sashe ɗaya, ta rufe littafin, ta ɗauki farar takarda ta rubuta duk abin da ta tuna, sannan ta buɗe ta ga abin da ya tsere. Bayan kwana biyu ta sake jarraba kanta a kan wannan sashen, bayan mako ta sake. Zai yi mata wuya fiye da shafa kala, kuma a kwanakin farko za ta ji kamar baya take ci. Ki gaya mata tun yanzu cewa haka abin yake, kada ta karaya.

Darasin babi biyar ne: jiki da ƙwaƙwalwa a matsayin tushen hali, tunani da tunawa, girma da koyo, zamantakewa da ɗabi'a, sai lafiyar hankali da ta jiki. Kowanne yana ɗauke da kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na tambayoyin canki-canka, don haka babu wanda za a tsallake. Amma kada ta raba makonnin daidai wa daida. Ta koma kan tambayoyi 23 da ta faɗi, ta rubuta babin da kowace ta fito da dalilin faɗuwar: ban san kalmar ba, na gwamutsa ta da wata, ban karanta tambayar da kyau ba, lokaci ya ƙure. Da wuya ta gama ba ta ga rabinsu sun taru a babi ɗaya ko biyu ba. A ajina yawanci babin farko ne, inda sunayen sassan ƙwaƙwalwa da sinadaran jijiya suke kama da juna. Can za ta zuba makonni biyun farko. Kowace Asabar ta amsa tambayar rubutu ɗaya da agogo. Cikakken gwaji na awa biyu da minti 40 kuwa sau biyu ya isa, ɗaya a ƙarshen mako na uku, ɗaya saura kwana goma. A waɗannan ranaku biyu kaɗai nake so ta buɗe shafin ƙiyasi, kuma ta zauna a kan shafi ɗaya, domin abin da za ta duba shi ne ko 65 ta motsa.

Barci kuma ba ragwanci ba ne. Likitocin barci a Amurka sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa takwas zuwa goma, kuma a littafin nata an rubuta cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka koya da rana. Awa ɗaya da rabi bayan Magariba, littafi a rufe rabin lokacin, ya fi mata zaman ƙarfe biyu. In da hali a ɗauke mata wanke-wanke da rainon ƙanne a wannan ɗan lokacin. Ke ma kina da aikin yi ko da ba ki san darasin ba. Ki karɓi katunan da ta rubuta kalmomin a kai, ki ɗaga ɗaya ki ce ta bayyana miki da Hausa, ta kawo misali daga cikin gidanku. Wadda ta iya fahimtar da uwarta bambancin hukunci da ƙarfafa hali a harshen gida, ta iya shi.

Game da jinya, makarantu da yawa suna buƙatar darasin gabatarwar saikoloji, kuma shi wannan jarrabawa ke iya ɗauke mata. Jami'o'in gwamnati da dama suna karɓar 3, wasu sai 4 ko 5, wani lokaci ma sashen jinya yana da tasa ƙa'idar daban da ta jami'ar. Tunda a New York kuke, ku duba shafin kwalejojin CUNY da SUNY, wato na gwamnati na birnin New York da na jihar, da take hari, ku ga lambar da kowace ke nema. Mai yiwuwa ku tarar 3 ɗin da take wa kuka ta wadatar a inda take son zuwa. Ki gaishe ta, ki ce ina jiran labari a watan Yuli.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Yayana ya rubuta jarrabawar nan a 2022 ya ci 5, ya bar mini littattafansa da katunansa. Na ga gwajin ciki tambaya 100 ne a minti 70, malamarmu kuma ta ce 75 ne. In ci gaba da amfani da su? Sannan idan ban san amsa ba, in canka ko in bari? Kuma har yanzu ƙarfafawa ta cirewa tana rikita ni da hukunci. Daga ɗalibi ɗan Maraɗi, Greensboro, North Carolina.

AMSA: Ɗana, malamarku ce da gaskiya. Daga jarrabawar Mayun 2025 aka sauya tsarin. Da tambaya 100 ce mai zaɓi biyar, yanzu 75 mai zaɓi huɗu. Babi tara ne da, yanzu biyar. Tambayoyin rubutun ma ba irin na zamanin yayanka ba ne, kuma yanzu a kwamfuta ake yi ta manhajar Bluebook, amsa da madannai ake bugawa. Katunan kalmominsa ka riƙe su, domin masanin nan Pavlov da gwajin da ya yi da karensa ba su canza ba, matakan girman yaro na masani Piaget suna nan. Sai dai ka gwama su da jerin batutuwan da hukumar ta fitar na sabon tsari, ka ware abin da aka cire. Gwaje-gwajen littafin ka yi su don motsa ƙwaƙwalwa, amma kada ka zuba makinsu a shafin ƙiyasi, kuma ka lura akwai shafukan da har yanzu suke tambayar maki cikin 100. Ka roƙi malamarku ta buɗe muku tambayoyin AP Classroom, shafin da hukumar ta tanadar wa malamai da ɗalibai, ka kuma shiga Bluebook ka yi gwajin da ke ciki, ka saba da agogonsa da maɓallin soke zaɓi da na yi wa tambaya alama don a dawo mata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Canka kuwa, ka canka. Tun 2011 aka daina rage maki don kuskure a jarrabawar AP, saboda haka gurbin da ka bari fanko asara ce tsantsa. Ko da idonka a rufe damarka ɗaya cikin huɗu ce, in ka soke zaɓi biyu ta koma rabi. Saura minti biyu ka cike duk abin da ya rage.

Rikicin naka na uku kusan kowane ɗalibi ya sha shi. Ka bar kallon ko abin mai daɗi ne ko mai ɗaci, ka tambayi abu ɗaya: halin nan ƙaruwa ya yi ko raguwa? In ya ƙaru, ƙarfafawa ce. In ya ragu, hukunci ne. Bayan nan sai ka duba ko ƙara wani abu aka yi ko cirewa. Ka shiga mota ba ka ɗaura bel ba, ta yi ta ƙara a kunnenka, ka ɗaura ta yi shiru. Gobe za ka ɗaura da wuri. An cire abin da ke damunka, halin ɗaura bel ya ƙaru, wannan ita ce ƙarfafawa ta cirewa. Ka dawo gida a makare Baba ya karɓe wayarka kwana uku, ka daina makara. Nan ma cirewa aka yi, amma hali ne ya ragu, don haka hukunci ne. Ka ƙirƙiro misali huɗu daga gidanku, ɗaya ga kowane kashi, ka rubuta a bayan katin yayanka. Jarrabawar yanzu ba ta cika tambayar ma'anar kalma kai tsaye ba, labarin wani za ta ba ka ta ce wace ƙa'ida ce ke aiki a nan.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya ci 2 a jarrabawar bara, alhali a aji A ya samu. Bana zai nemi jami'a. Wannan 2 ɗin za ta ɓata masa takarda? Daga wani uba, Houston, Texas.

AMSA: Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Sakamakon aji da na jarrabawar AP abu biyu ne. A ɗin da ya samu ita ce a takardar makarantarsa, kuma ita ke shiga matsakaicin makinsa. Ita 2 tana wurin College Board, kuma a yawancin takardun neman jami'a ɗalibi ne da kansa yake zaɓar makin AP da zai ambata. Idan ya zo aika cikakken rahoto zuwa jami'ar da ta ɗauke shi, yana iya neman a ɓoye wannan makin ga jami'ar, ko a soke shi gaba ɗaya, sai dai sokewa ba ta da gyara. Abin da ya rasa kawai shi ne ba za a ɗauke masa darasin ba, zai zauna masa a shekarar farko, kuma wanda ya riga ya bi shi shekara guda zai same shi da sauƙi. In yana son sake rubutawa, ana yi sau ɗaya ne a shekara, a watan Mayu, kuma makarantu kan rufe rajista a farkon Nuwamba, kuɗin kusan dala 100, da rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. Kafin ku biya, ka zaunar da shi ka tambaye shi ko a bara ya taɓa yin cikakken gwaji da agogo, littafi a rufe. Ya kuma je ofishin mai kula da jarrabawar AP na makarantarsu a makon farko na dawowa daga hutu ya tambayi ranar rufe rajistar.